Kwamfutar Abdussamad Ba Ta da Fuska

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Duk wanda littafin nan ya faɗa hannunsa wata rana, ya yi haƙuri da ni. Ban rubuta don in ɗora wa kowa nauyi ba. Kai ma Abdussamad ka yafe mini, littafin shagonka ne, shafi uku kaɗai ka rubuta a ciki. Na tambayi matarka Dije kafin in ɗauka, ta ce in ɗauka. Duk da haka zan faɗa ranar rabon gado. Bokona ba shi da kyau, da girmana na koya.

Yau kwana arba'in da shida da rasuwar ƙanena. Babur, a hanyar Zugu, zai je ɗaukar hoton biki. Mai shago ya karɓi shagonsa, an kwaso kayan zuwa gidanmu nan Gummi: kwamfuta, injin buga hoto, faifan sola da batir. An jibge su a ɗakin da nake karantar da 'yan mata Alƙur'ani.

Akwai hoton ɗiyata a cikin kwamfutar. Shi kaɗai ne a duniya. Abdussamad ya ɗauka ranar Babbar Sallah ta 2009 a Yargalma, tana shekara uku, wata biyar kafin ta rasu. Na ce kada ya kuskura ya nuna mini. Ya ce, "Yana nan ajiye, Yaya Luba, duk ran da kika shirya." Shekara goma sha biyar ban shirya ba.

Sunanta Basma. Hannu ya rubuta, baki bai taɓa faɗi ba. 'Yar fari ce.

Talata, 17 ga Yuni

Na haɗa kayan ni kaɗai bayan 'yan mata sun tashi. Na san yadda ake yi. Shekaru ni ke share masa shago, in igiya ta zare sai in tsaya jiransa, har ya gaji ya ɗiga jan fenti a gefen ramin da ke bayan akwatin, can sama. "Shuɗin kai, jan ɗigo, Yaya. Ko makaho ya iya." Ɗigon yana nan. Na sa shuɗin kai a wurinsa, na murza noti biyun, na yi bisimilla, na danna.

Akwatin ya tashi. Fanka na juyawa, 'yar fitila ta kama. Amma fuskar, gilashin da ke nuna hoto, baƙa ƙirin. Sai wani ɗan rubutun Turanci da ke yawo daga kusurwa zuwa kusurwa kamar mai biɗar ƙofa, shi ma ya ɓace.

Sau huɗu na kashe na kunna.

Laraba, 18 ga Yuni

Ruwa tun hantsi, sola ba ta ja wuta ba. Na ji sauƙi a raina, sai kuma na ji kunyar sauƙin.

Jumma'a, 20 ga Yuni

Abin da ya sa nake son hoton yanzu, gara in rubuta shi, ko zai rage nauyi.

Ranar sadakar arba'in ina yi wa mamatanmu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Na ga Inna. Na ga Baba da hularsa ta karkace. Na ga Abdussamad, har haƙorinsa na Makka. Da na zo kan yarinyar sai babu. Ƙafa na gani, da bayan wuya, da jigidarta. Fuska babu. Na sake rufe ido, na matse. Babu.

Ashe ban ajiye ba. Yaushe zan ajiye? A gidan miji nake, surukai cike da tsakar gida. Ba a kallon ɗan fari a gaban mutane, ba a yi masa wasa, ba a kiran sunansa. In ta rugo ta kama mini zane sai in kau da kai in ce, "Ku janye yarinyar nan." Mata suna yaba ni, wai Luba akwai kunya. Ranar hoton ma Abdussamad ya ce in zo in ɗauke ta, na shige ɗaki.

Na roƙi Dije ta duba mini kwamfutar. Ta fi ni sani nesa, ita ke taya shi gyaran hotuna. Tana zaune bakin murhu da farin mayafin takaba, ba ta ɗago ba.

"Yaya, in ta kawo, huskarshi ta ka fara hitowa. Ni nis sa hoton da hannuna."

Ban ƙara ba. Ina da hakkin in roƙa, ba ni da hakkin in matsa.

Asabar, 21 ga Yuni

Na kira Labbo, aminin Abdussamad, mai gyaran kwamfuta a Anka. Sai da na hau turmi a bayan ɗaki kafin layi ya shiga. Ya yi gaisuwa, murya ta karye masa, ya yi tari ya ɓoye.

Ya ce zuwa Gummi yanzu sai an shirya, hanya ba ta da daɗi makon nan. Amma in gaya masa abin da na gani. Fanka na juyawa? Awo. Tana kuka in ta tashi? Sau ɗaya, ɗan gajere. Ya ce kuka ɗaya lafiya ne.

"To cikinta lahiya lau, Yaya Luba. Tana tunani, tana komi. Huska ce ba ta kai mata saƙo ba."

Ya ce ranar Talatar da ta gabaci rasuwar, Abdussamad ya sa mata sabon kati, katin da ke zana hoto ya tura wa fuska, don aikin bidiyon biki. Tare suka sayo a Sakkwato. Ya ce ko jijjigar amalanke ce ta ɗaga katin daga mazauninsa lokacin kwaso kaya. In kashe, in zare wuta, in kwance murfin gefe, in danna katin a hankali har in ji ƙas.

Na yi. Ban taɓa ganin cikinta ba. Tsaf, ya share ko'ina. Katin sabo fil, da fanka biyu kamar idanu. Na danna, ban ji ƙas ba, daram yake. Na mayar da murfi.

Baƙa. Da na koma kan turmi layi ya tafi.

Tana tunani, tana komi, fuska ce babu. Maganar nan ta bi ni har sallar la'asar, na rasa raka'a nawa na yi, sai da na yi ba'adi.

Lahadi, 22 ga Yuni

Da azahar na zauna gabanta a kashe. Baƙin gilashin yana nuna mutum. Na ga wata tsohuwa da hijabi, na ɗan tsorata kafin in gane ni ce. Na tsaya ina biɗar yarinyar a cikin fuskata, ko hanci, ko goshi. An ce da ubanta take kama.

Nababa. Shi ma na daɗe ban rubuta ba.

Shi ke kawo duwatsun zinari gida cikin buhu, kamar kowane magidanci a Yargalma lokacin. Ni ke dakawa a turmi, in tankaɗe da rariya. Rariyar garin tuwo. Nakan wanke ta sau uku, har da toka, don ni mai tsarki ce, kowa ya sani. Yarinyar tana zaune gefena tana wasa da ƙurar, tana lasar hannu, ina kau da kai saboda uwar mijina na kallo. Da ta fara jijjiga aka ce iska ce. Na rubuta mata allo da hannuna, na wanke na ba ta. Sai daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin duwatsun, aka kankare ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa. Yaran unguwarmu da yawa sun riga sun tafi.

Ban yi faɗa da Nababa ba. Na dai ce ya sauwaƙe mini, ya sauwaƙe. Tun ranar ko gaisuwa. Na kan ce shi ya kawo duwatsun. Ban cika faɗin wa ya tankaɗe ba.

Talata, 24 ga Yuni

Kawu Sambo ya zo. Ranar biyar ga wata mai kamawa za a raba gado, kuma akwai mai son kwamfutar daga Bukkuyum, zai goge komai ya zuba nasa. Na ce akwai hotunan mutane a ciki. Ya ce, "To ku hidda naku, Luba, mi kuka jira?"

Kwana goma sha ɗaya.

Laraba, 25 ga Yuni

Layi ya shiga da hantsi. Na ce wa Labbo katin daram yake. Sai ya ce, "Tsaya. Igiyar huska, ina kis sa ta?"

Na ce inda ake sa ta. Wurin jan ɗigo.

"Wane jan ɗigo?"

Na ba shi labarin fentin. Sai ya yi dariya, dariya sosai, har ya ce in yafe shi.

"Yaya Luba, wanga ɗigo ya yi ritaya! Tun da anka sa kati, ramin sama ya mutu. Tsohon gida na, an tashi. Duba ƙasa, inda gindin katin yah hito. Can huska ta koma."

Na sauka daga turmi na je na duƙa. Ga shi kuwa, can ƙasa, wani ɗan baƙin abu maƙale da rami irin na sama sak. Abdussamad ya bar shi a shirye. Kwana biyu kawai ya yi da katin, bai samu ya ɗiga mini sabon fenti ba.

Kwana tara ina ƙwanƙwasa gidan da aka tashi. Kuma daidai na yi, yadda aka koya mini, ban kauce ko kaɗan ba.

Na zaro shuɗin kai daga ramin sama. Wurin matsattse ne, ba na gani sosai, kan igiyar ya ƙi shiga, na tura da ƙarfi har ya shige. Na danna.

Ta kawo.

Innalillahi. Abdussamad ne, cike da gilashin, yana dariya da kyamara a wuya. Amma kore. Kore mai shuɗi-shuɗi, leɓɓansa baƙi, kamar wanda ya kwana cikin rijiya. Ban san lokacin da na finciko igiyar wuta daga bango ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na lulluɓe ta da zane. 'Yan mata sun tambaya, na ce ƙura.

Jumma'a, 27 ga Yuni

Ban gaya wa Dije launin ba. Na dai ce ta kawo, amma tana biɗar kalmar buɗewa. Na ce ta faɗa mini in rubuta.

Sai ta sunkuyar da kai. Karo na farko tun rasuwar na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi.

"Ba ni iya hwaɗi gabanki, Yaya."

"Zagi na?"

"Sunan da shika kirana na. Mu biyu."

Na ce ta rubuta a takarda. Ta ce wannan ya fi muni, takarda ba ta mantuwa. Na ce Dije, ni na yi wa mijinki wanka yana jariri, ina taya Inna, wane suna ne zai ba ni tsoro? Ta ce, "Wanga zai ba ki."

A ƙarshe ta shigo da baya-baya, mayafi rufe da fuska, ta laluba maɓallan ta danna ba ta kalli gilashin ba. Ta gaya mini inda zan kai linzami, jaka ta uku, an rubuta Yargalma. Ta fita da sauri har tana tuntuɓe da allunan yara.

Hoto tara. Masallacin idi, raguna, Nababa da abokansa. Na bakwai.

Yara biyu ne.

Na manta sam. Tasalla, ɗiyar maƙwabtanmu, sa'arta, tare aka yanka musu atamfa ɗaya, ɗaurin kallabi ɗaya, kwalli ɗaya. Kwana shida tsakanin rasuwarsu. Suna tsaye jikin katanga, kafaɗa da kafaɗa, koraye su biyu, idanu baƙi.

Na kalli ta dama. Na kalli ta hagu. Na kai fuskata har numfashina ya taɓa gilashin.

Ban san wacce ce tawa ba.

Asabar, 28 ga Yuni

Na ce wa 'yan mata ba karatu yau.

Na sake zama gabanta, na bar ta a buɗe tun jiya don kada ta sake biɗar kalma. Ta dama tana da goshin Nababa. Bayan azahar sai na ga ta hagu ce mai goshin. Uwar Tasalla ta rasu bara, da na tambaye ta. Wanda ya ɗauki hoton yana ƙasa.

Saura mutum ɗaya da zai sani. A'a.

Na yi tunanin ko hukunci ne. Na kau da kai daga gare ta tana raye, yanzu an ba ni ita an hana ni. Astagfirullah, ba a yi wa Allah shisshigi. Amma na yi tunanin.

Lahadi, 29 ga Yuni

Hadari, ba rana, da ƙyar batir ya riƙe ta a kunne. Na tankaɗe garin tuwo, na tsaya ina kallon rariya har Dije ta karɓa daga hannuna.

Litinin, 30 ga Yuni

Ban ji shigowar Dije ba. Ina zaune gaban yaran biyu, ina jin kuka nake, don ban ga lokacin da ta tsaya a bayana ba. Ba mayafi a fuskarta.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, da muryar aiki, irin wadda nake ji a shago, "Yaya, ja ya ɓace."

Na ce me?

"Babu ja ko ɗis. Dubi katangar, jar ƙasa ta. Dubi atamfar. Wa yas sa igiyag ga?"

Na ce ni.

Ta kashe, ta duƙa, ta kwance shuɗin kan ta kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ta ce in zo in gani. Ƙananan allurai ne jere a ciki, sahu uku. Ta farko a sahun sama ta kwanta, ta lanƙwashe jikin 'yar uwarta. Ta ce kowace launi da allurarta, wannan ita ke ɗauke da ja. Da na tura da ƙarfi ranar Laraba na kwantar da ita.

"Ke da ko ƙwai ba ki fasawa sai kin yi mai sallama," in ji Dije.

Ta zaro allurar ɗinki daga gefen zanenta. A hankali, a hankali, tana cije leɓe, ta tashe ta tsaye. Ta ce in ta karye sai sabuwar igiya daga Gusau, in yi addu'a. Na yi. Ba ta karye ba.

Ta mayar, ta murza noti, ta danna. Na ce ta juya baya in rufe mata gilashin har a wuce wurin. Ta ce, "Bari."

Ya fito da launinsa. Baƙinsa mai haske, jar hularsa ta Sallah. Dije ta sa tafin hannu a bakinta. Muka tsaya muna kallonsa. Mun daɗe. Sannan ta danna kalmar tata a gabana, ni kuwa na kalli rufi.

Hoto na bakwai.

Katanga ta koma ja. Atamfar ashe ruwan goro ce. Yara biyu, masu rai, rana a goshinsu. Na fara duba fuska, sai idona ya sauka ƙasa da kansa, inda ya saba sauka.

Ta hagu, hannayenta biyu jajir da lalle.

Ta dama, hannu ɗaya. Ɗayan fari tas.

Jajibirin Sallah, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe ba mai ganinmu. Na ɗora ta a cinya na ƙunsa mata hannun dama. Kafin in kama na hagu ta ji ana kiɗa a waje ta zille, tana dariya, ganyen yana zuba. Ban bi ta ba, tsakar gida cike da mutane.

Na ɗora yatsa a gilashin. Daga hannun na hau, kafaɗa, wuya. Na kai.

Ba goshin kowa gare ta ba. Tana ɗan karkatar da kai, ta runtse ido ɗaya saboda rana. Ba kyamara take kallo ba. Gefe take kallo, wajen ƙofar ɗakina.

Dije ta ce, "Ita ta?"

Na ɗaga kai.

Talata, 1 ga Yuli

Labbo ya kira da kansa. Na gaya masa allura. Ya ce a gaya wa Dije in ta fita takaba akwai kujera a shagonsa, ta ce a gaya masa ya fara koyon tambayar inda aka sa igiya tun ranar farko.

Dije ta kwashe hotunan gida duka cikin ɗan abin ajiya kamar ɗan yatsa. Na samo ragowar jan fenti na ɗiga a ramin ƙasa, na kankare na sama da wuƙa. Kada mutumin Bukkuyum ya sha wahala.

Laraba, 2 ga Yuli

Dije ta tashi injin buga hoto. Ta ce guda nawa? Na ce ɗaya. Da ya fito na ce ta ƙara ɗaya, ko wannan zai jiƙe.

Ban rataye ba, na san abin da malamai suka ce. Yana cikin akwatina, ƙarƙashin zanen Inna. Sau uku kawai na buɗe yau. Ko huɗu.

Da ina ninke zanen na ji wani ya faɗi sunan a ɗakin. A hankali, kamar ana gwada ko zai shiga baki. Ni kaɗai ce a ciki. Dije tana shara bakin ƙofa, tsintsiyar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Hoto na biyun ba don komai ba ne. Akwai mai babur da ke kai kaya Yargalma gobe, kuma uba yana da hakki, ba ni na ba shi ba. Shi ma yadda kowa ke yi ya yi. Ban yi dogon rubutu ba. A bayan hoton, da ajami don ya iya karantawa:

Malam Nababa, bayan gaisuwa. Ga Basma, ita ce ta dama, mai lalle hannu ɗaya. In ta iske ka lafiya, ka aiko mini da amsa da wuri.